Ihu Kafin Hari: Tarihin Gargaɗi a Ƙasar Gumel

A watan Maris na 1851 wani Bajamushe mai yawon bincike, Heinrich Barth, wanda ya raɗa wa kansa suna Abdulkarim, ya yada zango a Gumel a kan hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya iske gari a cike, kasuwa na ci, ga kanwa jibge da ake kawowa daga Muniyo da bakin tafkin Cadi, fatake su ɗauka su gangara da ita har Nufe. Mai Muhammadu Ɗan Tanoma ne ke kan gado, wanda ya hau tun 1828, kuma a zamaninsa aka taso da fada daga Tumbi, da ke cikin Nijar a yau, aka kafa ta inda take yanzu. A ƙarshen 1854 Barth ya sake ratsowa ta garin, sai ya ga kamar ba shi ba. Ɗan Tanoma ya rasu, rigimar gado ta ɓarke, Ceri da Muhammadu Atu suna ƙwatar sarauta daga hannun juna, kasuwa ta yi sanyi, mutane da yawa sun watse.

Wanda ya dubi inda Allah ya ajiye Gumel ba zai yi mamaki ba. Ɗan Juma ne ya kafa masarautar wajen 1750 tare da Mangawa, ba da jimawa ba ta shiga biyan gaisuwa ga Barno, kuma har jihadi ya zo ya wuce ba ta karɓi tuta daga Shehu Usmanu ba. Sai ta zauna a tsakiyar maƙwabta uku da kowannensu ya fi ta dawakai. Kano a kudu maso yamma, Haɗeja a kudu maso gabas, Damagaram a arewa. Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato kanta tawaye, bai bar ƙasashen da ke kewaye da shi sun yi barci ba har ya rasu a 1863. Sarkin Damagaram Tanimu, da ya yi mulki har 1884, a cikin Zinder ake ƙera masa igwa. A 1872 Mai Abdullahi na Gumel ya faɗi a fagen yaƙi da Haɗejawa.

Wannan jerin sunaye shi ake karantawa a fada ranar hawan salla. Akwai wani tarihin a ƙarƙashinsa, na manomi da matarsa da 'ya'yansa, waɗanda ba su da sulke ba su da lifidi, makaminsu ɗaya shi ne su san lokacin gudu. Shi nake so in bi.

Ƙasar nan shimfiɗaɗɗiya ce, rairayi da jigawa da tsirarun gawo da kuka da aduwa. Babu dutsen da za a hau kamar a Ningi, babu kogi da fadamar da za su kange doki kamar a Haɗeja. Mafakar mutum ita ce wadda ya yi da hannunsa: ganuwa da gwalalo a babban gari, shingen ƙaya mai kauri a ƙauye. To, gona ba ta cikin ganuwa. A ce gonarka tana da nisan kilomita 3 daga ƙofa. Mace da goyo, tsoho da sanda, yara suna kora awaki, duk a cikin rairayi, sai sun yi kusan awa guda kafin su isa. Mahayi kuwa cikin kwata na awa ya cinye wannan tazarar. Ma'ana, in labari bai same ka ba tun mahara suna da nisan kilomita 10 ko fiye, to duk ƙarfin kururuwar da za a yi ihu ne bayan hari. Mahara sun san wannan lissafin sarai, shi ya sa suke tafiyar dare su faɗa wa gari da asuba, shi ya sa kuma hazon hunturu yake abokinsu.

Abin da ya fi doki gudu a wancan zamani sauti ne kawai, da ke cin kilomita guda a sakan 3. A kansa aka dogara. Makiyayi ko maharbi ya ga sawun kofato da yawa sun nufi wuri guda, ya sheƙa ƙauye mafi kusa, a buga ganga, a busa ƙaho, mata su ɗauki kururuwa, ƙauyen gaba ya ji shi ma ya amsa. A fadojin ƙasar Hausa kuge ne ke shelar yaƙi, kuma yaro ma ya san bambancin kiɗan biki da kiɗan tashin hankali.

Sai dai ba duk ƙura ce ta mahara ba. Ayarin fatake na tayar da ƙura, garken Fulani na tayarwa, guguwa ma haka. Gudu kuma ba kyauta ba ne. Hari ya fi yawa daga kaka zuwa rani, daidai lokacin da dammunan gero ke zube a gona, wanda ya bar su ya shige ganuwa ya bar wa tsuntsaye da dabbobi da ɓarayi. In aka yi kururuwa sau uku ba a ga kowa ba, a karo na huɗu wani zai ce bari ya ɗaure damin nan ɗaya tukuna. A cikin irin waɗannan ake samun wanda za a kora a igiya zuwa kasuwar Zinder.

Abin da manomin nan yake aunawa a ransa, shi ne masana suka shafe fiye da shekara 100 suna ƙoƙarin aunawa da agogo. A 1903, shekarar da Turawan Ingila suka ci Kano, Mai Ahmadu na Gumel kuma ya miƙa wuya, wani likita ɗan Rasha, Ivan Pavlov, ya tsaya gaban taron likitoci a Madrid ya bayyana yadda kare ke koyon haɗa wata alama da abin da ke biyo bayanta. Abokin hamayyarsa Vladimir Bekhterev ya gwada a jikin mutane: a yi ƙara, a biyo da jan wutar lantarki kaɗan, ba a daɗe ba mutum ya fara janye gaɓarsa da jin ƙarar. A 1953 Richard Solomon da Lyman Wynne na jami'ar Harvard a Amurka suka sa karnuka cikin akwati mai ɗaki biyu. Fitila ta mutu, bayan sakan 10 wuta ta kama daɓen, sai in kare ya tsallake shinge zuwa ɗaya ɗakin. Da karnukan suka gane, suka riƙa tsallakewa cikin ƙasa da sakan 2, kuma suka ci gaba da tsallen sau ɗaruruwa ba tare da wutar ta sake taɓa su ba. Ko an cire wayar gaba ɗaya ba su da hanyar sani, don ba sa tsayawa su gani. Bahaushe ya riga su faɗa: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Gwajin mugu ne, yau da wuya a bar wani ya yi irinsa, amma ya buɗe ƙofa. Leon Kamin ya riƙa tsawaita shirun da ke tsakanin alama da azaba, ya ga duk sanda shirun ya ƙaru koyo ya ragu. A 1968 Robert Rescorla ya nuna cewa kusanci kaɗai bai isa ba: in azaba tana zuwa da alama, tana kuma zuwa daidai wannan yawan ba tare da alama ba, ɓera ba ya tsoron alamar ko kaɗan, don ba ta ƙara masa sanin komai ba. Shlomo Breznitz na jami'ar Haifa ya yi nasa da mutane, ya wallafa a 1984, ya ga cewa kowane gargaɗin da ya tashi a banza yana rage wa na gaba kwarjini. Tsoro ma yana taɓa agogon da ke cikin kai. A 2007 David Eagleman da abokan aikinsa suka saki 'yan sa-kai daga tsayin kusan mita 30 zuwa cikin raga, da aka tambaye su daga baya sai suka ƙiyasta faɗuwar tasu ta fi ta waɗanda suka kalla tsawo da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya tsira daga hari, in ya zo ba da labari, zai ba kansa lokacin da bai samu ba, mai sauraro kuma ya ɗauka shi ma zai samu.

Wanda ya fi kama da rayuwar Gumel a ƙarshen ƙarni na 19, a ganina, shi ne gwajin Murray Sidman, shi ma na 1953. Shi bai ba ɓerayensa alama ko ɗaya ba. Azaba na zuwa bayan ɗan lokaci ƙayyadadde, in ɓera ya danna wani ƙarfe sai a ɗage ta. Suka koya, suka riƙa dannawa a kan kari. Shuɗewar lokacin ita kanta ta zama gargaɗi. Haka mutanen karkarar Gumel suka koma lokacin da hare-haren kamun bayi daga Damagaram suka tsananta a zamanin Mai Abubakar, da ya yi mulki daga 1872 zuwa 1896, da farkon zamanin Mai Ahmadu. Ba sai an ji ganga ba. Ruwa ya ɗauke, ƙasa ta bushe, doki zai iya tafiya, shi ke nan lokaci ya yi. Wanda ya gaji da wannan zama ya kwashe iyalinsa ya bar ƙasar, har yawan jama'arta ya ragu ƙwarai.

Faransawa suka ci Zinder a 1899, Ingilishi suka ci Kano a 1903 da Haɗeja a 1906, aka ja iyaka, Tumbi ta faɗa wancan ɓangare. Hari ya mutu, ganuwa ta fara zubewa, masu gini suna ɗibar ƙasarta. Abokin gabar da ya rage ba ya zuwa a kan doki.

Damina ta 1913 ta gaza a faɗin ƙasar Hausa da Barno, yunwar da ta biyo baya a 1914 ita ake kira Kakalaba. Ta zo a mummunan lokaci: jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta fara jan gonaki, haraji kuma ya koma na tsabar kuɗi, wanda ke tilasta wa mutum sayar da hatsi da kaka yana ji yana gani. Daga baya, a 1930, layin dogo na Nguru ya ratsa ta Gagarawa, ya kawo cinikin gyaɗa har ƙofar gida. Yunwa ta bambanta da hari ta wajen lokaci. Gargaɗinta ba ya ɓuya, ba ya kuma gaggawa. Shamuwa ta makara. Binnen da aka yi ya ƙi tsirowa, aka sake shuka, aka kuma sakewa. Ruwa ya ɗauke gero yana bununi. Duk wannan yana faruwa tsakanin Yuni da Satumba, amma tsananin wahala sai daminar gaba, wata 9 ko 10 nan gaba, lokacin da rumbu ya ƙare ga kuma aikin noma yana neman ƙarfi.

A ɗakin gwaji, irin wannan tazara ta fi ƙarfin hankalin mutum nesa ba kusa ba. A 1989 David Shanks da abokan aikinsa a Kambirij ta Ingila suka zaunar da mutane gaban kwamfuta, suna danna maɓalli wani zane yana haskawa. In hasken ya makara fiye da sakan 2, sai mutane su fara shakkar cewa su ne ke kunna shi. Sakan 2 fa! To yaya manomi ke tsallake wata 10? Amsar ta fito a farkon shekarun 2000, da Marc Buehner da Jon May suka nuna cewa in an riga an gaya wa mutum sakamakon yakan makara, yana iya riƙe zaren ko da jinkiri. Abin da ido bai haɗa ba, labari yana haɗawa. Ina ganin aikin da raɗa wa yunwa suna yake yi ke nan. Tsohuwar da ke cewa an haife ta shekara kaza bayan Kakalaba, ta kuma faɗi abin da aka ci a lokacin, tana koyar da jikokinta nisan da ke tsakanin bushewar gero da kumburin ƙafa. A tsallaken iyaka, yunwar 1984 zuwa 1985 sunanta El-Buhari, saboda gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Nijeriya a watan Afrilu na 1984, hatsin da ke haurawa ta garuruwa irin su Maigatari ya yanke.

Michael Mortimore, Baturen da ya daɗe yana koyarwa a Zariya da Kano, ya bi wani ƙauyen Mangawa mai suna Dagaceri a gabashin wannan yanki fiye da shekara 10 tun daga farin 1972 zuwa 1974. Abin da ya gani shi ne mutane ba sa jira masifa ta iso, kuma ba sa zubar da komai lokaci guda. Mataki-mataki suke bi. Da kaka maigida ya ƙirga dammunansa, ya ga ba za su kai ba, ya rufe rumbu, samari su tafi cin rani don a rage bakuna. A koma saƙar kaba da tufkar igiya. A rage tuwo, a ƙara tafasa da yaɗiya. Sai a taɓa awaki. Sa da gona su ne na ƙarshe, don wanda ya rabu da su ya sayar da daminar baɗi.

Wurin sayar da akuyar nan ne lissafi ke tsanani, kuma wanda ke son ganinsa da ido ya je Maigatari ranar Alhamis a shekarar da ruwa bai yi ba. Mutum ya tsaya riƙe da igiya, dillali ya ɗaga leɓen akuya ya duba haƙora, ya shafa ƙugunta, ya taya. Mai ita ya ce albarka. Ya waiga ya ga layin masu igiya irin tasa ya fi na makon jiya tsawo, ya tuna kuɗin tiyar gero da ya ji a bakin kasuwa, dillali bai gama juya baya ba ya kira shi ya sallama. In ya sayar da wuri kuma shekara ta zo da sauƙi, ya yi asarar uwar garke a banza. In ya jinkirta, kowa ya fito da tasa, akuya uku ba za su sayi abin da ɗaya ke saya ba. Wannan ma'auni na dabba da hatsi shi ne hukumomin hango yunwa, irin wadda Amurka ta kafa a 1985, suke bi a kasuwannin iyaka suna rubutawa a takarda. Rubutawar dai ba ta sa su motsa da wuri. Tun ƙarshen 2004, bayan fara da ƙarancin ruwa, aka san Maraɗi da Damagaram za su shiga wahala. Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi taimako a watan Mayu na 2005, masu kuɗi ba su buɗe hannu sosai ba sai a Yuli, da hotunan yara suka fito a talabijin. Mai rumbu yana leƙa cikinsa kullum ya ga inda hatsi ya tsaya. Mai ofis ba shi da abin leƙawa.

Sanƙarau ya haɗa wahalar hari da ta yunwa a wuri guda, shi ya sa ya fi su wuyar koyo. Yana da agogo biyu. Na farko na shekara ne: yana tasowa da hunturu, lokacin da ƙura da bushewar iska ke raunana hanci da maƙogwaro, ya yi ƙamari a bazara, ya kwanta da saukar ruwa. Tun 1905 aka rubuta babbar annobarsa a Arewa, a 1963 kuma wani likitan sojan Faransa, Léon Lapeyssonnie, ya zana ɗamarar ƙasashen da yake addaba a kudu da Sahara, Gumel tana tsakiyarta. Agogo na biyu na jikin mutum ne, kuma yana iya ƙarewa cikin kwana guda.

A ɗauki wani dare na watan Maris a ƙauyen Sule Tankarkar. Ɗaki ya ɗau zafi, yaro ɗan shekara 6 yana kwance jikinsa kamar wuta, ya yi amai, yana cewa kansa. Uwar ta leƙa zaure.

"Malam, jikin yaron nan fa ya ƙi sauka."

"Kin ba shi maganin da aka sayo a kemis?"

"Na ba shi tun magariba."

"To, mu ga abin da Allah zai yi zuwa safe."

Kada a yi saurin zargin wannan uba. Maganar da ya yi ta fito daidai sau ba adadi. Zazzaɓi da ciwon kai da amai sun shigo gidan nan da damina, sun shigo da kaka, an ce cizon sauro ne ko shawara, an sha magani an tashi. Alamar ta zama irin ta Rescorla, wadda ba ta ƙara wa mai ji sanin komai. Alamar da ke rarrabe sanƙarau da sauran, wato wuya ya ƙage yaro ya kasa kai haɓarsa ƙirji, ya ƙi haske, ko maɗigar jariri ta kumbura, tana zuwa ne lokacin da ƙwayar cutar ta riga ta kama rigar ƙwaƙwalwa. In kuma ya fara fizge-fizge, wata tsohuwa za ta ce iska ce, a ɓata wasu awoyi wajen hayaƙi da tofi kafin a nemi mai babur zuwa asibitin Gumel. Gargaɗin da ya zo da wuri ba shi da kwarjini, mai kwarjinin kuma ya makara.

A 1996 annobar ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000. Abubuwa biyu suka fito daga wannan shekara, suna jan juna. Na ɗaya, a 1997 Hukumar Lafiya ta Duniya da abokan aikinta suka kafa rumbun ajiyar alluran gaggawa, aka kuma ci gaba da gyara ma'aunin gargaɗi. Yadda yake a yau, in mutum 3 cikin 100,000 suka kamu a mako guda a gunduma, a shiga shiri. In sun kai 10, annoba ce, kuma ana so a yi allura cikin mako 4. Wannan kuge ne na zamani, da lamba ake buga shi. Na biyu kuwa, a Asibitin Zana na Kano kamfanin Pfizer ya gwada sabon magani mai suna Trovan a wani bincike da ya ƙunshi yara 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. John Garcia ya nuna tun 1966 cewa abin da aka sa a ciki ya biyo da ciwo, sau ɗaya ya isa dabba ta ƙaurace masa, ko da ciwon ya makara. Mutane ba ɓeraye ba ne, kuma ƙin allurar shan-inna da aka yi a Kano daga 2003 zuwa 2004 yana da dalilai na siyasa da na rashin yarda da suka fi wannan faɗi. Amma sunan Trovan yana bakin mutane a lokacin, kuma wanda ya rufe ƙofarsa ga mai allura ba ya samun damar ganin cewa babu abin da zai same shi.

Allura tana da wata matsalar lokaci ta kanta, wadda ban cika jin ana faɗa ba. Ciwonta nan take ne: hannu ya kumbura, yaro ya kwana da ɗumi, uwa ta gani da idonta. Amfaninta kuwa sai bayan kwana 10 zuwa mako 2 yake kama jiki, kuma amfanin shi ne wani abu bai faru ba. Ga shi kuma allurar gaggawa takan iso ne a Maris ko Afrilu, bayan an ɗebi ruwan ƙashin baya an kai ɗakin gwaji, an rubuta takardar neman allura, an jira jirgi. Makonni kaɗan bayan haka hadari ya haɗo, ruwa ya sauka, cuta ta kwanta. Ka tambayi mutumin ƙauye me ya kashe annobar, zai ce maka ruwa, kuma bisa abin da idonsa ya gani bai yi ƙarya ba.

Sau ɗaya aka juya wannan tsari, aka kuma ga aiki. A watan Disamba na 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, a Disamba na 2011 ta shigo Nijeriya, Jigawa na cikin jihohin farko. An yi wa masu shekara 1 zuwa 29, tun kafin cuta ta taso. Nau'in A, wanda shi ne ya yi ɓarnar 1996, ya kusa ɓacewa daga ɗamarar baki ɗaya. Shekaru suka wuce shiru, shirun kuma ya koyar da nasa darasin, mutane da hukuma suka saki jiki. Ashe nau'in C yana tasowa ta Sakkwato da Kabi tun 2013. A 2015 ya buge Nijar, daga ƙarshen 2016 zuwa 2017 ya kama sama da mutum 14,000 a Nijeriya, mafi yawa a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ya kashe sama da 1,100.

Ƙasar Gumel ta samu rabonta a ranin 2023. Tun ƙarshen 2022 cutar ta ɓulla a jihar Damagaram, gundumar Dungas ce ta fi jin jiki, ita ce kuwa ke kallon Maigatari ta tsallaken iyaka, mutanenta suna cikin masu cika kasuwar Alhamis. Ƙura ce da aka hango daga nesa, daga arewa kamar dā, da tazarar watanni. Zuwa tsakiyar Afrilu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙirga mutum 1,686 da ake zaton sun kamu a Nijeriya, 124 sun rasu, kusan kashi uku cikin huɗu na masu cutar a Jigawa suke. Maigatari da Sule Tankarkar suka haura ma'aunin annoba. A watan Maris aka yi allurar gaggawa a mazaɓu na ƙananan hukumomi huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, wato iyakar masarautar ta yau cif. Ma'aikatan da suka bi rana da sanduƙan ƙanƙara a bayan babur sun yi aikinsu. Tsarin ne aka gina shi a kan sai lamba ta cika a wannan gefen iyaka kafin a buga kuge, alhali ƙwayar cuta ba ta san da turakun da Ingila da Faransa suka kafa ba.

A Maris na 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi amfani da sabuwar allura mai kare nau'i biyar, A da C da W da X da Y, wadda wani kamfanin Indiya ya sarrafa, Jigawa kuma tana cikin inda aka fara. Allurar ta toshe ƙofar da nau'in C ya shigo ta cikinta. Amma ita ma a Maris ta zo, a tsakiyar wata annobar. Watan da ya dace da ita a wannan ƙasa shi ne Nuwamba, gero ya shiga rumbu, hanya ta bushe, samari ba su riga sun tafi cin rani Kano da Legas ba, kuma babu yaro ko ɗaya da ke kwance da zai sa uwa ta fito da sauran. Fito da su a irin wannan lokaci aikin mai unguwa ne da liman da ungozoma, su da ke iya tuna wa mutane gidajen da aka yi zaman makoki a bazarar 2023.